Kwana Shida Rijiyar Makiyaya a Rufe

Ranar da Baba Jaɓɓo ya tsaya a ƙofar biro ɗinmu, wato ofishinmu, ba ta taɓa fita raina ba, ko da yake shekaru sun ja, kuma mai yiwuwa na cuɗa wata magana da wata. Abin da na tabbatar shi ne bazarar 2020 ce, lokacin dokar ta-ɓaci ta cutar korona. Ina sabon ma'aikaci a ofishin magajin garin wata komin ta karkara, wato ƙaramar hukuma, tsakanin Madawa da Buza, ban daɗe da samun lisansina, wato digirina na shari'a, ba.

Ga ƙannena a wannan aiki da ba su san tsarin ba: umarni kan sauko daga sama a dunƙule, sai mu rubuta arete, wato takardar da ke fayyace yadda za a bi shi a garuruwanmu. Ni ke tsara rubutun, sakatare janar, wanda muke kira Shef, ya duba, magajin gari ya sa hannu. Aka ce in rubuta ta hana taruwa. Na jera kasuwar mako, tasha da dandali. Don tsoron kada a ce na bar wani wuri, sai na ƙara da babbar rijiyar makiyaya da ke bayan kasuwa, domin kullum ina ganin ta cike da mutane. Wa'adi ma ban sa ba.

A makaranta an koya mana cewa yarjejeniyar duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zaman jama'a, in ban yi kuskuren fahimta ba, ta yarda hukuma ta taƙaita haƙƙi don amfanin kowa. Amma taƙaitawar ta tsaya daidai larura, ta zo da wa'adi, kuma kada ta taɓa abin da rai ba ya yi sai da shi, kamar ruwa da abinci. Wannan na haddace. Rijiyar ce ban sani ba. Ni ɗan birni ne, da famfo na tashi. Ban san cewa a bazara kowane gida da ranarsa ba: garke ya sha yau, gobe ya yi haƙuri, jibi ya dawo. Wanda ranarsa ta kuɓuce masa, shanunsa sun shiga kwana na uku ba ruwa.

Kwana uku da rufewa sai ga Baba Jaɓɓo, dattijon makiyayi, da sandarsa a kafaɗa.

Ya ce, "Ɗana, kai ne mai alƙalamin?"

Na ce, "Ni na rubuta, Baba, amma ba ni na sa hannu ba."

"To, mai sa hannun ya san saniya? An ce cutar ga ta mutane ce. Mu tsaya nesa da juna mana, in ja guga in wuce, wani ya zo. Shanu dai ban ji suna tari ba."

Mai gadinmu ya tuntsire da dariya. Ni na ce zan duba.

Ya ce, "Yi da sauri, ɗana. Masu ciki sun fara kwanciya."

A biro irin namu ƙarami ba ya duban babba ya ce an yi kuskure, sai dai ya rubuta masa takarda. Na rubuta shafi biyu, kowane layi da "wataƙila" da "in an ga ya dace". Shef ya karanta, ya ɗago kai, ya kira ni da "mushe", wato "malam" da Faransanci.

"Mushe lisansi, duk wanga mi kake son cewa? Akwai matsala ko babu?"

Na ce, "Shef, ba za a ce babu ba, amma kuma ba lallai..."

"To, in ba lallai ba ne, sai taron Litinin."

Ya tura ta cikin durowa. Ban ga laifinsa ba, amsar da na ba shi ke nan.

Ran Litinin maganar ta kai kunnen magajin gari, wanda shi kansa a gidan kiwo ya tashi. Ya dafe kai ya ce, "Subhanallahi! Wa ya sa rijiya a ciki? Ni ma na sa hannu ban lura ba." Nan take ya soke layin, ya ce a riƙa zuwa gida-gida, a bar tazara. Da muka fito ya ce mini, "Da ka tare ni a tsaye ka ce shanu za su mutu, da ranar na buɗe."

Baba Jaɓɓo bai iya jira ba. Tun ran Asabar ya kora garkensa wajen wata rijiya ta yankin Keita, cikin wannan rana. Wasu sun ce shanu uku suka faɗi a hanya, wasu sun ce biyar, har da masu cikin. Bai dawo rijiyarmu ba, ni ma ban sake ganinsa ba.

Ƙannena, kafin ku rubuta hani, ku je ku tsaya a wurin, ku tambayi abin da ya tara mutane. In kun ga ɓarna tafe, ku faɗe ta a jimla ɗaya, ko da murya na rawa.

Waɗanda suka shaida abin, don Allah ku gyara mini inda na kuskure, musamman yawan shanun. In kuma akwai wanda ya san inda Baba Jaɓɓo ya sauka, ya sanar da ni. Ina so in je da kaina in ce masa ni ne na jawo masa wannan asarar.