Ƙullin Haladu

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a unguwarmu ta Bracodi ya san Inna Balaraba. Ni da ƙamshin miyarta na girma, don rumfarta na jingine da shagon mahaifina. Amma ba tuwo kaɗai ya sa aka san ta ba, har da ajiya. A da, fataken shanu daga arewa, in sun sayar, wurinta suke kawo kuɗinsu ƙulle a tsumma. Ba ta tambayar nawa ne, ba ta tambayar garinku, ba ta kwancewa. Yadda ka ɗaure haka za ka karɓa, ƙullinka shi ne shaidarka.

Sau ɗaya tak ta kwance.

Farkon 2011 ne, gari ya ɗau zafi bayan zaɓe, mutum biyu kowa na cewa shi ne shugaban ƙasa, ana fasa shaguna. Wani bafatake, Haladu, ya bar mata kuɗin shanunsa a jan ƙyalle, da wani irin ƙulli mai kunne uku. Sai ɗanta Saifuddeen, mai aikin ofis a unguwar Treichville, ya tarar tana cusa shi cikin buhun gero.

"Inna, in aka ƙona rumfar fa? Ki kai banki. An ce gwamnati ta tsaya wa bankuna, ko dala ba za ta yi ciwon kai ba."

"Wacce daga ciki? Ai biyu gare mu yanzu."

"Haba Inna! Ko wacce ce, za ta biya."

Ta kai ɗin. Ma'aikaciyar bankin ta ce ba a karɓar tsumma, sai an ƙirga. Inna ta sa haƙori ta kwance.

Bayan mako biyu bankuna suka rufe. Wata ranar Alhamis sai ga Haladu, ya samu motar arewa, a ba shi ajiyarsa ya gudu. Ta miƙa masa ƙyallen babu komai. Bai yi faɗa ba, jama'a, da ma ya yi. Juya shi kawai ya yi a hannu, ya mayar mata ya ce, "Kin kwance, Inna?"

Ta tattara cinikinta duka, bai kai kuɗin mota ba, don an ninka shi sau uku. Ya ce zai jira. Kullum da safe yakan taho daga masallacin da yake kwana wajen unguwar Indénié, ya zauna a ƙarshen benci ya ce, "Sun buɗe?" Da harbi ya iso yankinmu na Adjamé, wata safiya bai zo ba. Ba a sake ganinsa ba.

Da ƙura ta lafa bankin ya buɗe, kuɗi cif. Saifuddeen ya ce, "Kin gani? Sun cika alkawari." Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ciro su ta mayar cikin jan ƙyallen, amma ƙullin nan ya gagare ta. Har yau tana gwadawa.

Mutum huɗu sun zo da cewa su 'yan'uwansa ne. Kowanne ta ba shi tsumma ta ce ya ɗaure irin na gidansu. Babu wanda ya fitar da kunne uku.

Yanzu ta daina karɓar ajiya, idonta ma ya yi rauni. Ƙarshen bencin kuwa ba ta barin kowa ya zauna. Jiya da hantsi na je sayen tuwo, ba kowa a rumfar sai ni, sai na ga ta ɗaga kai ta dubi wurin.

"Sun buɗe, Haladu," ta ce. "Tun tuni suka buɗe."