Anjalai Ta Ajiye Tsintsiya

Bas ɗin farko daga unguwannin arewacin birnin Chennai na Indiya yakan iso bakin kasuwar furanni gari bai gama wayewa ba, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan Anjalai tana cikin masu fara sauka daga cikinsa. Takan soke bakin sarinta, dogon zanen da matan ƙasar ke naɗawa, a ƙugu, ta ratsa tsakanin kwandunan farin fure da ake saukewa daga motoci, ta wuce teburin mai shayi, ta nufi can ƙuryar kasuwa inda wani ɗan gini mai ɗakuna shida ya jingina da katangar tasha. Makewayin mata ke nan. Sai ta buɗe ƙofa, ta tara ruwa, ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya da tsintsiyar kwakwa da ruwan magani mai sa ido hawaye. In ta gama takan yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ta durƙusa ta yi zanen garin shinkafa, irin wanda kowace matar gida ke yi a ƙofarta da safe.

An sha yi mata dariya a kan zanen nan. Rahamat Bi mai sayar da lemon tsami, wadda bakinta ba ya da linzami, ta taɓa tsayawa a kanta ta ce, "Akka, wai bikin wa ake yi a ciki ne? Ko ango muke jira?"

Akka, wato yaya, shi ne sunan da duk kasuwa ke kiranta da shi. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Ai ke ce amaryar. Sau huɗu kike zuwa a yini, wa ya kai ki son gidan?"

Amma ta san abin da take yi. Namiji duk rashin ta-idonsa ba ya tsayawa ya yi fitsari kusa da zanen ƙofa. Tun da ta fara, mazan tasha suka canja katanga.

Ranar Asabar da ta wuce Anjalai ta ajiye aiki, tana da shekara sittin da biyu, gwiwoyi sun ƙi. Ni sunana Tamarai, malamar makaranta ce ni, 'yar Kanagam mai kitsa fure a layi na biyu. Na san akwai mai karatun da zai yamutsa fuska ya ce duk mutanen birnin nan an rasa wadda za a yi wa jinjina sai mai wanke makewayi. To ya yi haƙuri ya saurara.

Kafin zuwan Anjalai ginin yana nan, amma ba mai shigarsa sai 'yan maye da karnuka. Mata sama da ɗari biyu ne ke zama a kasuwar daga asuba zuwa la'asar, cikin zafin garin nan da ke narka kwalta, kuma dabararsu guda ce: kada a sha ruwa. Namiji ya juya baya ga kowace katanga ya gama. Mace sai dai ta daure har ta koma gida. Haka mahaifiyata ta yi shekara goma sha biyar. Ranar da ciwon ƙugu ya kayar da ita muka kai ta asibiti, likita ya kira ta Amma, wato uwa a yarenmu, ya tambaye ta, "Amma, kofi nawa na ruwa kike sha a yini?"

Ta ce, "Nakan sha rabin kofin shayi."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Ya ajiye biro ya ce, "Don me kike kashe kanki?" Ta sunkuyar da kai. Ba maganar da za ta iya faɗa wa ɗa namiji ba ce. Ƙodarta ta riga ta taɓu, kuma ciwon ne ya yi ajalinta ina da shekara ashirin. Matan da suka zo kasuwa a bayanta ba su san wannan ƙishirwa ba. Yau kowace mai kitsa fure da gorar ruwanta a gefen kwando, tana sha ba tare da fargaba ba. Ba wani babban mutum ne ya yi musu wannan ba. Anjalai ce, ita da ta kwashe mako biyu tana fitar da ƙazanta da kwalabe daga ginin da hannunta, ta kuma zauna a ƙofarsa daga ranar har makon jiya.

Ina da shekara goma sha biyu wata rana na biyo daga makaranta karɓar makullin gida. Ina ratsa tasha maza suna ta kallona, ban san dalili ba. Sai na ji murya daga ƙuryar kasuwa: "'Yar Kanagam, zo nan. Kada ki yi gudu, taho a hankali." Ta shigar da ni ciki, ta nuna mini bayan siket ɗina. Na fashe da kuka, na zaci wani mugun ciwo ne.

"Kukan me? Girma ne ya zo. Uwarki ma daga nan ta fara."

Ta kwance tsohon zanen da take ajiyewa a kan ƙusa, ta miƙo mini daga nesa, da tsinin yatsu. Sai da na girma na gane dalili. Anjalai ta fito ne daga zuriyar da aka ɗora wa kwasar ƙazantar gari tun kaka da kakanni, ta kuma saba in ta matso a ja da baya. Ta wanke siket ɗin, ta shanya a bayan gini inda ido ba ya kaiwa, sannan ta je da kanta ta raɗa wa mahaifiyata. Bayan kwana tara aka yi mini walimar girma a gida, da kiɗa da sabon sari. Duk layinmu na kasuwa an gayyata. Ita ba wanda ya tuna da ita, kuma da ta zo ɗin ma a waje za a zuba mata.

Akwai wadda ta fi wannan muni, kuma tawa ce ni kaɗai. Ina kwaleji na zo tashar da ƙawayena biyu, 'ya'yan manyan unguwa. Anjalai tana zaune a kan ɗan bencinta, ta hango ni, fuskarta ta washe, ta ɗaga hannu. Na kau da kai kamar ban taɓa ganinta ba. Shekara bakwai abin yana cina kafin na iya zuwa na tsaya a gabanta.

"Akka, kin tuna ranar da na wuce ki ban gaishe ki ba?"

"Na tuna. Cewa na yi yarinyar nan tafiyar uwarta ta ɗauko sak."

"Ki yafe mini."

"Da kin gaishe ni da kin sha tambaya a wajen ƙawayenki. Bar wannan. Kin ci abinci?"

Ke ce mai rufa asirin mata, Akka. Ke ce gishirin da ba a ganinsa a miya sai ranar da aka rasa. Kin ga tsiraicinmu da rauninmu shekara talatin, ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinki ba.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya tuna shekarar da damina ta ƙi zuwa, tafkunan birni suka ƙafe har ƙasa ta tsattsage. Mata suna kwana a layi da tulunan roba masu launi suna jiran tankar ruwa. Famfon makewayin ya yi tari kwana biyu, ya yi shiru. A rana ta uku sai ga ɗan kwangilar da aka ba kula da wurin, da ƙaton kwaɗo a hannu. Kowa a kasuwa ya san ya daɗe yana son mayar da ginin wurin ajiyar buhunan albasa, dalili kawai yake nema.

Ya ce, "Ba ruwa, ba aiki. Tashi ki tafi gida ki huta."

Anjalai ta miƙe ta haɗa tafin hannu. "Ranka ya daɗe, matan nan fa ina za su?"

"Inda suke zuwa a da."

"A da ba sa zuwa ko'ina. Idan na kawo ruwan fa?"

Ya yi dariya. "Daga ina? Daga idonki?" Ya jefa kwaɗon sama ya cafe. "Na ba ki zuwa Juma'a. In na zo na ji wari, na rufe."

Akwai wata tsohuwar rijiya a harabar masallacin da ke hayin babban titi, ruwanta zartsi ne, ba ya shawuwa. Rahamat Bi ce ta je ta roƙi liman, ya ce a ɗiba. Anjalai ta fara jigila, tulu ɗaya a ka, ɗaya a ƙugu, ta tsallaka titi mai layi huɗu tsakanin bas da babura, ta juye, ta koma. Mai shayi ya ce ya ƙirga mata sawu ashirin da biyu a ranar farko. Mu kuwa, mata, muna shiga muna fita muna cewa sannu Akka. Ba wadda ta tambayi daga ina ruwan yake zuwa.

A rana ta uku ta jigilar, da azahar, jiri ya kwashe ta a tsakiyar titi. Tulun kai ya fashe, wani mai babur ya taka birki dab da ƙafarta. Da aka ɗauko ta, leɓenta ya bushe ya tsage. Ashe ita da ke ɗaukar ruwa tun safe ba ta sa ko ɗigo a bakinta ba, don nata na sha ya ƙare tun hantsi.

Ranar ce Rahamat Bi ta hau kan kwandonta a tsakiyar kasuwa. Waɗanda suka ji ta har yau suna maimaitawa.

"Wallahi mun ji kunya! Mata ɗari biyu, ƙattai, kowace da ƙugu kamar turmi, mun zuba ido tsohuwa ɗaya tana mutuwa a kanmu! Ke Sarasu, ƙafarki a karye take? Ke mai ganyen ayaba, kanki ƙwai ne da ba ya ɗaukar tulu?"

Washegari kowace mace kafin ta buɗe kwando sai ta tsallaka titi ta kawo tulu guda. Masu zuwa haikali, masu zuwa coci, masu zuwa masallaci, duk layi ɗaya a bakin rijiya.

Ranar Juma'a ɗan kwangila ya dawo. Bai ji wari ba, amma ya ce umarni ne, sai ya rufe. Anjalai ba ta yi masa musu ba. Ta jawo bencinta ta zauna a tsakiyar ƙofa, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Jajiberin babban biki ne, dillalai sun cika kasuwa da fure tun asuba, kuma farin fure ba ya jiran kowa, in rana ta take ya yi baƙi ya zama shara. Mata suka ajiye zare, suka bar kwanduna, suka zo suka zazzauna a ƙasa kewaye da ita. Ba ihu, ba zagi. Ƙarfe tara ba a kitsa ko kamu ɗaya ba. Ƙarfe goma dillalan da kansu suka zagaye mutumin suna roƙo, har da wanda aka ce shi za a ba ginin ya zuba albasar. Ya sa kwaɗonsa a aljihu ya hau babur. Kwana arba'in da shida aka yi ana jigilar ruwan nan kafin sama ta zubo, kuma ƙofar ba ta rufu ko yini ɗaya ba.

Aikin bai bar ta haka ba. Ruwan magani ya cinye mata tafin hannu har layukan sun shafe, ya bar mata tarin da ba ya jin magani. Mijinta mai tura keken kaya ne, ya rasu tun yara suna ƙanana. Ta reni 'ya'ya mata biyu, ɗaya tana aikin jinya, ɗaya tana ɗinki, kuma ba ta taɓa bari ɗayarsu ta riƙe mata tsintsiya ba ko da wasa. Takan ce, "Uwata ta yi, kakata ta yi. A kaina za ta tsaya."

Ranar Asabar mata suka kitsa mata sarƙar fure wadda ta fi ta tsawo, sai da mutum biyu suka ɗaga. Wani wakili ya zo daga ofis, ya yafa mata mayafin girmamawa, ya yi jawabi mai tsawo, sau biyu yana kuskuren sunanta. A ƙarshe ya miƙa mata lasifika ya ce, "Amma, faɗi abin da kike so a yi miki."

Ta riƙe abin da hannu biyu. Sai ta ce, "Sakatar ɗaki na uku ta karye tun watan jiya, mata suna riƙe ƙofa da ƙafa. Kuma yarinyar da za ta karɓe ni, Jayasili, a saya mata safar hannu. Kada nata su zama irin nawa." Ta mayar masa da lasifikar.

Mun gode, Akka. Na gode a madadin mahaifiyata, wadda da kin zo da wuri da wataƙila ta ga jikokinta. Na gode a madadin 'yan matan da kika suturta, da masu ciki da kika zaunar a bencinki, da tsofaffin da kika riƙe wa hannu a kan santsi. Ubangiji ya hutar da gwiwoyinki, ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da mu muka kasa.

Ku kuma masu karatu, ba cewa na yi kowa ya ɗauki tsintsiya ba. Cewa na yi kowa ya riƙe ɗan abin da aka damƙa masa kamar yadda ta riƙe nata, ko ana gani ko ba a gani. Kuma a kowace tasha, kowace kasuwa, kowane asibiti na birnin nan akwai wata zaune a bakin irin wannan ƙofa. In kun zo wucewa ku dube ta a ido, ku gaishe ta, ku miƙa mata abu hannu da hannu. Ta kasuwarmu ta fara aiki ranar Litinin, shekararta ashirin da shida. Jayasili ne sunanta. Ku riƙe shi tun yanzu, kada ku jira shekara talatin.