Wainar Sadakar Auta

Tun ƙanwata Auta tana ƙarama wasu ƙuraje suka fito mata, jajaye, kamar ƙwayar gero, a hanci da kumatu. Likita ya ce ciwo ne na gado, a jini yake, kuma ba kasafai ake ganin irinsa ba. Ya rubuta wani man shafawa, ya ce kwantar da su kawai yake yi, ba ya warkarwa. In aka daina, za su dawo.

Ni nake shafa mata. Man ba ya son zafi, mu kuma a unguwarmu Kabara wutar lantarki sai ta ga dama, shi ya sa a gindin randa muke ajiye shi, cikin jiƙaƙƙen yashi. Ba ni da haƙuri, kowa ya sani.

"Ke dalla tsaya, kin cika mutsu-mutsu!"

"Yaya, fuska ce fa, ba gindin tukunya kike dirza ba."

A hankali fuskar ta yi sumul. Ummanmu ta ce an warke. Ta sa aka toya wainar sadaka aka raba lungu-lungu, mata suka yi ta shigowa barka, kowacce ta kama haɓar Auta tana tubarkalla.

Na ce, "Umma, likita fa cewa ya yi ba a dainawa."

Ta ce, "Mun gode wa Allah a gaban jama'a, sannan mu ci gaba da shafe-shafe kamar ba mu yarda ba?"

Man ya ƙare, ba a sayo wani ba.

Kafin damina ta wuce ƙurajen suka dawo, har sun fi na da. Auta ta ce ba za ta iya bi ta gaban mutanen da suka ci wainarta da wannan fuskar ba. Ta je kasuwar Ƙofar Wambai ta sayo niƙabi ta fara sawa. Nan da nan unguwa ta ɗauka: "Ustaziya! Allah ya ƙara imani."

Umma da ƙafarta ta koma asibiti ta sayo man, ba ta ce da kowa komai ba. Yanzu ƙurajen sun sake kwanciya. Na ce da Auta ta cire abin nan haka, iska ta bugi fuskarta.

Ta ce, "In cire su ce me, Yaya? Ustaziya ta ja da baya?"

Yarinyar da tun daga bakin lungu ake hango dariyarta, yau ko ni sai da takalminta nake gane ta a hanya. Da ma wainar nan a cikin gida muka cinye abarmu.