Ranar da Dorina ta Kife Kwalekwalen Yaya

A waya na fara ganin wasan. Mutane sun kewaye tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin yana faɗin abin da zai yi, sai a jefa ɗan ludo ya yanke ko abin ya yiwu ko bai yiwu ba. Na yi ta kallo a shagona na gyaran waya a Nguru har na ce ni ma zan iya. Da na gwada wa abokaina, suka ce in babu kuɗi a ciki tatsuniya ce, in kuma akwai caca ce, su ba ruwansu. Na ji haushi ƙwarai.

Yayana da ke Gashuwa ne ya karɓe ni, kuma ba ƙwarewata ya gani ba, zaman gida ne ya ishe shi. Ciwon ƙoda ya raba shi da gonar tattasansa, ya bar shi a kan tabarma da kumburarrun ƙafafu. Duk Asabar sai in hau mota in je. Bayan la'asar mu zauna a tsakar gida, ni da shi da matarsa da babbar 'yarsu. Faifai ne teburinmu.

Yaya ya zaɓi zama masunci mai kwalekwale. Matarsa ta ce ita mai sayar da bandar kifi ce, 'yar kuma mai maganin gargajiya. Na ƙirƙira musu wani tsibiri a bayan ciyawar kacalla da za su nema. Farkon abin kunya ne. Nakan manta sunan garin da ni na raɗa, matar Yaya ta ce, "Kai da ko hanyar kicin ba ka sani ba, kai ne za ka kai mu tsibiri?" Yaya ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Dokar mai sauƙi ce. Shida nasara, ɗaya masifa. A hankali na koyi yin shiru in bar su su yi gardama, na koyi sauya murya. Abu guda ne ya gagare ni. A wajenmu ba a faɗa wa marar lafiya mummunan abu. Ko yana shure-shuren mutuwa, "da sauƙi" ake cewa, shi ma "da sauƙi" zai amsa. To duk ranar da Yaya ya jefa ɗaya, bakina ba ya iya furta masifar. Sai in ce wani kada ya kawo cafka amma ya kuskure, ko iska ta taso amma ta lafa. Matarsa da 'yar suna taya ni. Ko kara ya karci masuncin, mai magani ta iso da ƙullinta.

Wata Asabar, bayan an dawo da shi daga wankin ƙoda, ya matsa sai an yi wasan. Labari ya kai su tsakiyar kogi, dorina ta taso a gabansu. Yaya ya ce masuncin zai tura matan bakin gaɓa ya tare ta da mashi. Ya jefa, ɗaya ta fito.

Na ce, "Ta bugi kwalekwalen, amma da sauƙi..."

Ya ɗora hannu a kan faifan.

"Kai ƙane, dube ni. Likita ya ce da sauƙi. Liman ya zo ya ce da sauƙi. Wannan baiwar Allah tana kuka a bayan ɗaki, ta shigo ta ce min da sauƙi. Kai ma da ka zo da wasa? Ɗaya na jefa. Faɗa min abin da ɗaya take yi."

Na dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci da shi, wallahi, don ya san abin da yake sa ni faɗa. Amma na faɗa. Na ce dorina ta kife kwalekwalen, masunci ya nutse, ruwa ya kwanta, hularsa kawai ta taso.

Yaya ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa buhu. "Madalla," ya ce. "Mutumin kirki ne kuwa?"

Ba wanda ya shirya haka. Matarsa ta ce masuncin yana da taurin kai, amma bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. 'Yar kuwa sai hawaye. Ni na ce ya riƙe na ƙasa da shi. Yana saurare, idonsa a rufe, yana gyaɗa kai.

Na tuna abin da masu wasan ke yi in haka ta faru, na yi sauri na ce, "Yaya, sai ka ɗauki sabon mutum. Mafarauci ko falke, ka tarar da su a gaɓa."

"A'a. Ku ci gaba. So nake in ga yadda za ku yi ba ni."

Na so in tattara faifan in koma Nguru. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yammacin ba, har ranar da muka kai shi makwancinsa kafin ruwan farko ya sauka. Amma a yammacin nan Yaya ya kafe mu da ido, don haka na juya ga matarsa na ce ga su a bakin gaɓa ita da yarinya, ga wani tsohon kwalekwale a ɗaure, rana ta kusa faɗuwa. Me za ta yi?

Ta share fuska da gefen mayafinta.

"Ban iya tuƙi ba," ta ce. "Shi ke tuƙawa."

"Za ki iya," in ji Yaya. "Jefa."

Ta ɗauki ɗan ludon ta jefa.