Ƙibar da ba ƙiba ba

Shekarun baya, a garinmu Jugu, in dattijo ya fara nauyi har ƙafarsa ta cika takalmi, barka ake yi masa. Yanzu yaranmu da sun ga haka sai su ce a je a auna tansiyo, wato hawan jini, a yi eko, wato hoton zuciya. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, na'urar duba zuciya sai an je Paraku, kuma mu mutanen kasuwar shanu mun ɗauka ta masu zaman ofis ce.

Fataucin dabbobi na yi duk rayuwata. Na saya a hannun Fulanin Bargu, na kai Kwatano, na kai Legas, na zauna Kumasi da Yamai. Ina jin Dendi da Yom da Fillanci da Faransanci, kuma duk inda na sauka, mai ƙiba shi ne mai arziki. Don haka da jikina ya fara cika, wando ya matse, na karɓi barkar da hannu biyu. Maiɗakina ma ta ce girkinta ne ya karɓe ni. Numfashin da ke yanke mini a sujada, da tarin da ba ya barina in kwanta sai na jingina, duk na ɗora wa tsufa da sanyi.

Ana gab da Babbar Salla na haɗa raguna, zan bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano kamar kowace shekara. Na biya rumfar abokina, wani mahauci da muka tashi tare, don mu yi sallama. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in zauna a benci in ɗage wando. Ya danna mini babban yatsa a ƙwauri. Da ya ɗauke, ramin ya tsaya yadda yake.

“Alhaji, da saniya ce kai, ba zan saye ka ba.”

Na yi dariya na ce dama wa ya kawo ni kasuwa? Shi bai yi dariya ba. Ya tuna mini dabarar wasu dillalai, su ba saniya kanwa ta yi ta shan ruwa har ta yi ɓul-ɓul kafin ranar kasuwa. Ni ne kuwa nake bugun ƙirji cewa ba a taɓa sayar mini da irinta ba. Ya ce abin da ke jikina ruwa ne, ba nama ba.

Na ce to in na dawo daga Kwatano zan je a duba.

“Raguna ƙaninka zai iya kaiwa,” in ji shi. “Kai in ka faɗi a hanya wa zai kawo mana kai?”

Na yi ta gardama, amma kamiyon ya tashi babu ni. A asibitin Jugu aka auna tansiyo aka ce ya hau ƙwarai. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga zuciyar ta yi girma, sai dai hoton ba ya faɗin dalili. Suka tura ni Paraku.

Likitar da na samu can yarinya ce, ba ta wuce 'yata ta fari ba. Ta sa na kwanta a gefen hagu, ta shafa mini wani mai mai sanyi, ta ɗora wani ɗan abu a ƙirjina. Na fara zuba mata Faransancina na yawon duniya, ta ce, “Baba, riƙe numfashi tukuna.” Na riƙe.

Na ga zuciyar saniya ba adadi, amma duk a faranti, ba motsi. Ranar na ga tawa a allo tana aiki. Likitar ta dunƙule hannu ta nuna mini yadda lafiyayya ke matsewa. Tawa kuwa kamar hannun mai tatsa da ya gaji. Ta ce tansiyon da ya yi shekaru ba magani ne ya sassauta zuciyar, jinin da ta kasa turawa shi ke sa ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Na tambaye ta maganar tafiyar da na fasa. Ta ce da na hau kamiyon nan, ba ta san inda za a sauke ni ba.

Aka kwantar da ni, aka ba ni maganin da ya sa na yi ta zirga-zirgar bayan gida. Ƙibar ta zube kaf. Masu zuwa gaisuwa suna fita suna cewa asibiti ya ramar da Alhaji, ni kuwa lokacin ne na fara shaƙar iska har ƙasan ƙirji.

Na ga asibitocin ƙasashe da dama, a da ina musu kallon kayan ado. Yanzu na san hannu yana gane akwai matsala, amma abin da ke ciki sai an leƙa. Ina komawa Paraku a sake dubawa duk lokacin da aka sa mini, miyata ba gishiri, magani ba fashi. Tun daga wannan shekarar ban sake bin kamiyo zuwa kudu ba. Ƙanina ke kai ragunan, ni Sallata a gida nake yi.