Waƙar Kawu a Bakin Randa

Kawuna mai ruwa ne a Tandabawi, unguwarmu a Makka, sagga kamar yadda Larabawa ke kiransu. Garwa biyu a sanda ɗaya, daga wurin ɗiba zuwa gidajen da ke manne a jikin dutse. Shi da abokan aikinsa huɗu a jere suke hawa, kuma a wannan hawan waƙarsa ta tsiro. A lokacin ba a kiɗa a Makka. Wanda aka kama da kalangu ko goge, a gabansa za a fasa. Sai Kawu ya rarraba kayan kiɗan a bakunan mutane: ɗaya ya riƙe ganga da ƙirjinsa, ɗaya ya ja siririyar murya kamar goge, biyu suna amshi a tsakiya, shi kuma ya hau bisansu da baiti. Ba wanda ya riga shi yin haka a unguwarmu. In aka tsare su sai su ce nishin mai ɗauke da kaya ne, kuma ba ƙarya suka yi duka ba.

Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda ya taɓa gaya masa cewa ya ji baƙaƙen Amurka a faifai suna irin wannan, mutum biyar babu kiɗa. Kawu ya yi dariya, ya ce to lallai su ma sun taɓa hawa dutse da kaya.

Ni na rubuta masa baitocinsa. Na daɗe a gaban malamarmu har hannuna ya faɗa, don haka da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a gidanmu, kullum da hantsi nakan zauna kusa da tabarmarsa, yana faɗa ina rubutawa. Ranar da ya rasu littafin ya kusa cika. Cikin kukana har da ɗan alfahari, na ɗauka na tsirar da komai.

Bayan zaman makoki ya watse na buɗe littafin a kan soro na rera. Kalmomin duk suna nan, amma abin ya karkace, kamar wanda ya rataya garwa ɗaya a sanda. Sai a ranar na gane saman waƙar kawai na rubuta. Abin da ke ɗauke da ita daga ƙasa ba shi da harafi.

Daga nan zama ya gagare ni. In hau soro, in sauko, in ɗauki ɗinki, in ajiye. Sau biyu na ƙona shinkafa. Inna, wadda ita ce yayar Kawu, ta ce na ishe ta da zarya kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Na yi ta tambayar abokan nasa. Aka ce biyu sun tafi Jidda aikin gini, ɗaya ya koma Sudan. Saura dattijon da ke riƙe ganga da ƙirji, mutumin da ya zo ta Chadi tun yana saurayi, kuma shi ya gaji kawo ruwa gidanmu. Shi ma gwiwa ta gaza, bayan aikin Hajji zai ajiye sanda ya koma wurin ɗansa can unguwar Ka'akiyya. Makonni kaɗan suka rage.

Mai ruwa kuwa ba a hira da shi. Daga ƙofa zai ce “Ya Sattar, hanya,” mata su shige ɗaki, ya wuce kai a sunkuye zuwa randa, ya juye, ya fita. Kwana uku ina laɓe bayan ƙyauren kicin, maganar na zuwa har bakina tana komawa. A na huɗu, yana cikin juye ruwa, maimakon magana, sai na rera layin farko a hankali. Ƙarar ruwan ta tsaya. Can ta ci gaba, ya gama, ya fita. Yini na yi kunya na cina, ko abinci ban iya ci ba.

Washegari ya sauke garwar, ya yi magana kamar da randar yake.

“'Yata, kin shiga da wuri. Kawunki ba ya buɗe baki sai ƙafar hagu ta sauka.”

Sai ya fara juyewa, muryar nan ta taso daga ƙirjinsa, ƙasa-ƙasa, har na ji ta a jikin ƙyauren da na jingina. Na jira ƙafar hagu, na shiga. Karon farko tun rasuwar Kawu waƙar ta tsaya daidai.

Iyakar karatun kullum shi ne tsawon juye garwa biyu. Ruwa na ƙarewa yake tsuke baki, ko da a tsakiyar baiti ne. Sannu a hankali juyin nasa ya riƙa tsawo, har wata safiya Inna ta ɗaga murya daga ɗaki.

“Baba, yau garwar ta toshe ne?”

“Tsufa ne, Hajiya. Ruwa ma ya san hannun tsoho.”

Amma hankalina bai kwanta ba. Na gwada rubuta nasa kason, na cika shafi da zane-zanen da ni kaina ba na ganewa da yamma. Na gwada yi da bakina, muryata ta ƙi sauka. Inna ce mai kaurin murya a gidan, irin ta danginsu. Na roƙe ta muna tsince shinkafa. Ta ce in bar ta da abin da ke ranta, ba ta son jin abin da zai dawo mata da ƙaninta cikin tsakar gida alhali ba zai zauna ba. Ban sake tayar da maganar ba.

Alhazai suka cika gari, suka watse. Safiyar ƙarshe ya zo a kan lokacinsa. Ya juye garwar farko, ya ɗaga ta biyu, muna cikin waƙar da Kawu ya fi so, ta mai hawa yana hango hasumiyoyin Harami ta ƙarƙashin sandarsa. Ina rerawa ina sauraren ruwan yana sirancewa. Ruwan ya ƙare. Ya yi shiru kamar kullum.

Muryar ƙasan ba ta tsaya ba. Daga ɗakin Inna take fitowa, tana rawa kaɗan, amma kan ƙafar hagu daidai. Ashe duk makonnin nan tana ji. Na ƙarasa baitin da ƙyar.

Dattijon ya ɗan jima a tsaye, ina jin numfashinsa. Sannan ya haɗa garwunansa, ya ce “Ya Sattar,” ko da yake mai fita ba ya faɗin haka, ya tafi.

Muryoyi biyu muka tsira da su cikin biyar. Ni da Inna mukan yi ta ranar wanki, ƙasa-ƙasa. Sauran ukun har yau ina jin gurbinsu, kuma duk baƙon da ya zo daga Jidda sai na sa an tambaye shi ko ya san wasu magina biyu da suka taɓa ɗaukar ruwa a Tandabawi.