Layi Shida da Anti Ta Ƙara

Shekara goma sha tara ke nan Anti tana buga rubutun mutane. Da tafireta ta fara, irin mai ƙararrawa a ƙarshen layi, yanzu kuwa kwamfuta ce a gabanta, a wani ɗan shago da ke tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani. Tebur biyu ne a ciki, sai injin fotokwafi mai fitar da zafi, da fanka mai juya kai tana ƙara. Kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Yawancin masu wannan sana'a ido ne da yatsu kawai, su ga kalma su buga su wuce. Anti ba ta taɓa iya hakan ba. Duk abin da ta buga sai ya shiga ranta. In takardar neman aiki ce, sai ta kwana uku tana tunanin ko an ɗauki mai ita. In ta sallamar ma'aikaci ce, sai ta tashi shan ruwa sau biyu kafin ta kai ƙarshe. Mijinta, direban motar haya, yakan ce, "Ke ko jerin sunayen 'yan aji aka ba ki, sai kin samo wanda za ki ji wa tausayi."

Wata uku da suka wuce wani tsohon malamin makaranta ya shigo da littattafan rubutu huɗu a jakar leda. Labari ya rubuta da hannu, yana so a buga masa ya kai maɗaba'a. Idonsa ya yi rauni, ko da tabarau sai ya kai takarda dab da hanci.

"'Yata, ba zan iya bin abin da kika buga ba," ya ce. "Ke ce idona. Abin da kika gani shi za ki sa."

Labarin wani mai gadi ne da ya reni ƙanensa, ya sa shi makaranta har ya zama wani abu. Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, sau uku yana aika wa ƙanen. A babin ƙarshe yana ta kallon ƙofa har ya cika, ba wanda ya shigo.

Ranar Litinin Anti ta kai wurin. Ta buga, ta tashi ta leƙa titi, ta dawo ta karanta, ta sake tashi. Daga nan sai yatsunta suka ƙara layi shida: ƙanen ya faɗo ɗakin yana haki, takalmi a hannu, ya kama hannun wansa, mai gadin ya buɗe ido ya gane shi. Ta yi maza ta rufe aikin kamar wadda ake leƙe.

Alhamis Malam zai zo ya karɓa ya wuce maɗaba'a. Tun daga lokacin zama ya gagare ta. Ta buga wa wani ɗalibi shafi ɗaya sau biyu, ta sa takarda a injin a juye, ta goge teburin da ta riga ta goge.

"Anti, kujerar ce ta fid da ƙaya?" mai shagon da take wa aiki ya tambaya. "Yau sau tara kina tashi, ina gani."

Laraba da safe ta gaya wa mijinta yana wanke gilashin mota.

"To wa kika cuta?" ya ce. "Mutumin takarda ne fa. Alheri ma kika yi masa."

"Ai ba labarina ba ne."

"To goge."

"In na goge, shi kaɗai zai mutu."

"To bar shi."

"In na bari na ci amanar dattijon da ba ya gani."

Ya matse tsumma yana dariya. "Ni dai fasinja dama yake ce mini ko hagu. Ke ce kaɗai ke son a bi duka biyu."

Ranar Alhamis ta fitar da shafin ƙarshen iri biyu, ta kife su a tebur, tana ta sauya musu wuri. Da Malam ya zauna ya miƙo hannu, sai ta kasa ba shi.

"Baba, na yi maka laifi. Na ƙara abin da ba ka rubuta ba."

"Karanta mini."

Ta karanta. Ya ce ta maimaita, ta maimaita. Ya cire tabarau ya riƙe a cinya.

"Takalmi a hannu," ya ce a hankali. "Ashe kin iya rubutu."

"Tausayi ya ba ni, Baba."

"Shi kika tausaya wa, ko kanki kika nema wa sauƙi?"

Ta ajiye shafin a kan tebur.

"Ba faɗa nake miki ba. In ƙanen ya zo, mai karatu zai yi ajiyar zuciya ya rufe littafi ya ci gaba da harkarsa. Ni kuwa so nake ya rufe ya rasa sukuni, ya tashi ya tafi inda ake jiransa." Ya mayar da tabarau idonsa. "Ranar ina wurin taron shugabannin makarantu. Saƙo na uku ya same ni ana shirin ba ni magana, na ce gobe da sassafe."

Anti ta dubi littattafan huɗu da ke cikin leda. Wata uku tana jin haushin ƙanen nan, ashe shi take jawo wa kujera duk mako.

"Shekara ashirin da shida ina shiga ɗakin nan a cikin raina," Malam ya ce. "Amma ban je ba, 'yata. Kada ki kai ni."

Ta juya ga kwamfuta ta goge layukan ɗaya bayan ɗaya. Ta karanta masa ƙarshen yadda ya rubuta, har inda mai gadin ya daina kallon ƙofa. Ya gyaɗa kai. Ta haɗa takardun ta zuba a ambulan, sannan ta ɗauki ɗayan shafin za ta yaga.

"Tsaya," ya ce. "Wannan ba na maɗaba'a ba ne. Ba ni."

Ya ninke shi huɗu, ya laluba aljihun gaban rigarsa ya saka, ya ɗauki ambulan ya fita yana bin bango da hannu. Anti ta bi shi har bakin titi, ta tsaya sai da ta ga ya tsallaka. Tana dawowa ta tarar da wata mata a tsaye da takarda, ido ya kumbura.

"Zauna, 'yar'uwa," ta ce, ta jawo mata kujera. "Me za a buga?"